Rabin Maganar da Maharazu Ya Haɗiye

Idan ka taɓa shiga wata ƙaramar kotun majistare a Abuja a shekarun nan da farar hula suka dawo mulki, lokacin da kowa ya zama dillalin fili har mai wankin mota, to ka ga Malam Maharazu ko da ba ka lura da shi ba. Ba laifinka ba ne kuma, don ba mai lura da shi. Dogo ne siriri, kullum cikin kaftani ruwan toka da ya sha guga har kafaɗarsa ta fara ƙyalli, yana tsaye tsakanin teburin mai shari'a da akwatin da ake tsayar da wanda ake tuhuma. Shi ne tafinta. Mai shari'a ta yi Turanci ya mayar Hausa, na cikin akwati ya yi Hausa ya mayar Turanci. Shekara goma sha tara yana wannan tsayuwa.

Mutumin Kankiya ne. Da can malamin firamare ne, sai wani ɗan garinsu ya samo masa wannan gurbi tun Abuja tana rabin daji. Bai taɓa kawo iyalinsa su zauna ba. Ina zai sa su? Ɗaki ɗaya gare shi a Nyanya, a wani gida mai ƙofa goma sha biyu da famfo ɗaya. Matarsa Safiyatu ta zo sau ɗaya, ta ga layin banɗaki da safe, ta ce ita kam a kai kasuwa. Saboda haka sai da ƙaramar salla da babba yake zuwa gida, ya tarar yara sun ƙara tsawo, su durƙusa su gaishe shi kamar wani baƙo mai daraja, su sulale waje. Ya kwana shida ya dawo.

Abin mamaki, duk faɗin kotun nan ba wanda ya kai Maharazu yawan magana, ba kuma wanda ya kai shi rashin abokin hira. Tun tara na safe bakinsa ke aiki, amma ko kalma ɗaya ba tasa ba ce. Yanzu ya ce "ni ban saci akuya ba", anjima ya ce "shi ya fara marina", can kuma ya yi ta rantse-rantse da bakin wani mai gadi da aka kama da buhun siminti. In an tashi, lauyoyi su rataya rigunansu su shige mota, 'yan ofis su nufi rumfar mai shinkafa suna ta Turancin buroka da shewa, shi kuwa ya zauna a benci yana ɓare gyaɗa. 'Yan ofis suna ganin ya tsufa da hirarsu, lauyoyi kuwa a wurinsu bai fi lasifika ba. Da yamma ya shiga doguwar bas, ya sha goslon Nyanya awa biyu a tsaye, ya isa ɗaki ya kunna rediyo don dai ya ji muryar wani.

Abu ɗaya yake taƙama da shi, ko da yake ba shi da wanda zai yi wa taƙamar. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Fayil ɗinsa fes, ko kwiri ɗaya, wato takardar tuhumar ma'aikaci, babu. Saura masa shekara biyu ya ajiye aiki, ya koma Kankiya da sunansa mai tsabta, ya sayi tabarma ya zauna a ƙofar gida a san cewa ya dawo.

To amma akwai wata ɗabi'a da ta shige shi a hankali bai ankara ba. Akwai tambayar da ake yi wa duk wanda aka karanto wa tuhuma, kuma a farkon aikinsa cikakkiya yake yin ta: "Ka amsa laifin da ake tuhumarka da shi, ko ba ka amsa ba?" Sai ƙararraki suka yi ta yawa, arba'in a rana, hamsin a rana, kowane majistare ya zo sai ya ce a taƙaita. Tambayar ta koma "Ka amsa laifinka?" Daga baya ma laifin ya faɗi, ta zama "Ka amsa?" kawai. Duk Bahaushen da ya tsaya a akwatin nan ya san me ake nufi. Shekara da shekaru ana haka, ba abin da ya taɓa faruwa.

Ranar wata Litinin a farkon damina aka kira ƙara ta ashirin da uku. Babu wuta, fanka ta tsaya cak, mai shari'a tana fifita da fayil. Wani dattijo gajere mai faɗin kafaɗa ya hau akwati, ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu. Sunansa Yamusa, manomin doya ne, mutumin Gbagyi daga wani ƙauye a bayan Lugbe. Wani kamfanin gidaje ya zo ya kafa turakun siminti a tsakiyar gonarsa, wai an ba su filin. Shi kuwa da ya tashi yin kunyoyin doya sai ya ga turaku sun tare masa hanya, ya tumɓuke su, ya jera su a gindin ɗorawa tsaf don kada mai su ya zo ya rasa. 'Yan sanda suka kama shi, suka ba da belinsa, suka ce ya zo kotu ranar Litinin. Ya zo tun kafin mai shara ya zo. Bai zo da lauya ba, don shi a ganinsa zuwa aka ce ya yi a zauna a san mai gona.

Kotun ba ta da tafintan Gbagyi. Mai shari'a ta ce a tambaye shi ko yana jin Hausa.

"Ina ji kaɗan-kaɗan," in ji Yamusa.

Maharazu ya ce wa kotu yana ji. Aka karanto tuhuma da Turanci, shiga filin wani ba izini da ɓarnata kaya. Maharazu ya zuba ta da Hausa irin ta rediyo, da sauri, kansa na kallon agogon bango. Sannan ya dubi dattijon.

"Ka amsa?"

"Na amsa mana, ranka ya daɗe. An kira ni na amsa, shi ya sa na zo."

Maharazu ya juya ya ce wa mai shari'a wanda ake tuhuma ya amsa laifinsa. Sauran maganar bai ɗauke ta bakin komai ba, ya zaci irin ladabin nan ne na mutanen ƙauye. Mai shari'a ta ce a tambaye shi ko shi ya cire turakun.

"Ni na cire," in ji Yamusa. "Gonan ubana ne, shi ma na ubansa ne."

Maharazu ya gaya wa kotu dattijon ya ce shi ya cire. Kafin ya kai ga rabi na biyu alƙalamin mai shari'a ya riga ya hau takarda, ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya riga ya janyo fayil na gaba, sai ya haɗiye sauran. Aka ce dattijo ya nemi sassauci, bai san kalmar ba, ya ce shi dai ya gode. Aka yanke masa wata shida.

Da Maharazu ya faɗa masa, sai Yamusa ya girgiza kai. "Wata shida ya yi nisa, Malam. Damina zai wuce. A sa kusa." Ya zaci ɗage zaman aka yi. Ya sauko daga akwati, ya sa hularsa, ya nufi ƙofa, sai gandiroba ya riƙe masa wuyan hannu. Ya dubi hannun, ya dubi gandiroban, sannan ya waiwayo wurin mutum ɗaya da ya yi masa magana da harshen da yake ji.

"Malam, yaushe za a fara shari'an?"

Innalillahi. A nan take Maharazu ya gane. Kiran kotu bawan Allah ya amsa, ba laifi ba. Da ya ɗaga hannu a lokacin ya ce ya mai shari'a a dakata, da wataƙila a minti biyar an gyara. Amma magatakarda ya riga ya kira ƙara ta ashirin da huɗu, wani direba ya hau akwati, kowa na jiran bakin tafinta. Sai bakin ya buɗe ya ci gaba da aiki. Ranar sai da ya fassara ƙararraki goma sha takwas bayan wannan, kuma ko ɗaya bai taƙaita ba.

Bayan kwana takwas wata mata ta same shi a bencinsa. Ta ce sunanta Naomi, 'yar Yamusa ce, tela ce a Lugbe. Tare da ita akwai wata lauya matashiya mai suna Barista Kauthar, cikin masu taimaka wa marasa gata. Lauyar ta gaishe shi da girmamawa, ta ce sun je gidan yari, dattijon ya rantse bai taɓa cewa ya yi laifi ba. Za su ɗaukaka ƙara, amma takardar kotu ta nuna ya amsa, kuma wanda ya amsa da bakinsa da wuya a saurare shi a sama. Hanya ɗaya ce, tafinta ya yi takardar rantsuwa ya faɗi ainihin abin da aka tambaya da abin da aka amsa.

"Baba, kai kaɗai ka ji duka biyun," in ji lauyar.

Maharazu ya ce su ba shi lokaci, ya shiga wurin rajistara, Oga George, wanda suka yi shekara goma ofis ɗaya ba su taɓa wuce gaisuwa ba. Oga George ya saurara, ya tashi ya rufe ƙofa.

"Malam, kai yaro ne? Littafi ya ce mutum ya amsa, ya ƙare. In ka sa hannu a wannan takarda, wuyanka ka sa. Za su ba ka kwiri, za su tambayi duk shari'an da ka yi tun farko. Saura maka shekara biyu fa. Tsohon zai fito, wata shida ba mutuwa ba ne."

Ya fito ya tarar da su a inda ya bar su. Bai iya kallon Naomi ba. Ya ce abin da mahaifinta ya faɗa shi ya faɗa wa kotu. Ba ta yi masa tsawa ba, ba ta yi kuka ba. Ta dai dube shi tun daga hula har takalmi, ta ce, "To, Malam. Allah yana nan." Suka tafi.

Mako biyar ya yi yana ɗauke da abin nan shi kaɗai. Wa zai gaya wa? Maƙwabcinsa na dama direban tanka ne da ba ya kwana gida, na hagu kuwa ko sunansa bai sani ba. Ya kira Safiyatu a waya, ta ba shi labarin kwanon ɗaki da iska ta yaye, da auren 'yar yayarta, da akuyar da ta haifi uku. Ya ce, "Akwai wani dattijo a wurin aikinmu," ta ce Allah ya ba shi lafiya, don ta zaci rashin lafiya ce, ta ce ga yara su gaishe shi. Ya amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ya kashe waya. Kullum ya sauka a tashar Nyanya sai ya wuce ta gaban matan Gbagyi masu sayar da doya, sai ya riƙa zagayawa ta bayan gareji don kada ya gan su. Ruwa kuwa ya yi ta zuba kamar da gayya. Duk saukar da ya yi sai Maharazu ya tuna akwai gonar da ba kowa a cikinta.

Ran wata Asabar ya kasa daurewa. Ya sayi burodi da sabulu ya hau mota zuwa gidan yari, da niyyar ya faɗa wa dattijon gaskiya ido da ido. Aka fito da Yamusa cikin kayan fursuna da suka yi masa yawa. Ya rame, wuyansa ya fito. Amma yana ganin baƙonsa fuskarsa ta washe.

"Malam na kotu! Kai ne da kanka? Kai, na gode, na gode." Ya kama hannun Maharazu da hannu biyu ya ƙi saki. "Na gaya wa mutanen ɗakinmu ina da mutum a kotu, sun ce ƙarya ne. Ranan nan kowa Turanci yake yi a kaina. Kai kaɗai ka yi mini magana na ji."

Ya tambayi ko an yi ruwa ta wajen Lugbe. Ya ce irin doyarsa yana cikin rumbu, in bai shiga ƙasa ba wannan watan ya lalace. Ya ce har yanzu bai gane abin da ya yi ba, amma tunda Malam ya zo, ya san ana duba maganar. Wallahi da zaginsa ya yi, da ya fi sauƙi. Mutumin da ke magana da bakin mutum hamsin a rana ya rasa jimla ɗaya tasa. Ya miƙa burodi da sabulu, ya ce Allah ya kawo mafita, ya fito ya tsaya a jikin katanga ya yi kuka irin na manya, ba sauti.

Ranar Litinin ya nemi ofishin Barista Kauthar. Ya ce kada ta rubuta masa, shi zai rubuta. Ya sa tambayar yadda ya yi ta, kalma biyu tak. Ya sa amsar dattijon gaba ɗaya, da maganar kira, da maganar gonar uba, ya kuma sa cewa ya gane kuskuren tun kafin a fita da mutumin daga ɗaki amma ya yi shiru. Lauyar ta ce wannan na ƙarshe ba dole ba ne. Ya ce a bar shi. Ya rantse ya sa hannu.

Abin da Oga George ya faɗa bai faɗi ƙasa ba. Kwiri ya zo cikin kwana uku. Aka cire shi daga ɗakin shari'a aka tura shi ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli, inda ba taga sai ƙura da kyankyasai. 'Yan ofis da a da ba sa hira da shi yanzu gaisuwar ma sai sun duba hagu da dama. Ƙarar kuwa ta yi ta jan ƙafa. Yau ba a buga takardun ƙaramar kotu ba, gobe ba motar da za ta kawo fursuna, jibi an shiga hutun alƙalai. Sai da Yamusa ya yi wata huɗu da kwana goma sha ɗaya a tsare kafin babbar kotu ta zauna.

Alƙalin babbar kotun Bahaushe ne, dattijo mai tabarau. Ya sa an nemo wani malamin coci mai jin Gbagyi ya tsaya kusa da Yamusa. Aka karanta takardar rantsuwar Maharazu a bainar jama'a, malamin cocin yana mayar wa dattijon da ita layi-layi cikin harshensa. Maharazu yana zaune a benci na biyu, yana kallon fuskar Yamusa tana sauyawa. Da aka zo wurin da ya ce ya gane amma ya yi shiru, sai dattijon ya juyo a hankali ya neme shi cikin jama'a har ya same shi.

Alƙali ya ce tafinta ya miƙe ya maimaita tambayar da bakinsa.

"Ka amsa?" in ji Maharazu, murya can ƙasa.

Alƙali ya cire tabarau ya ce da Hausa, "Amsa me, Malam?"

Aka soke hukuncin, aka sallami Yamusa nan take.

A bakin ƙofar kotu Maharazu ya tsaya yana jira. Ya riga ya ji daga bakin lauyar cewa kamfanin ya zagaye gonar da katanga tun wata biyu da suka wuce, an zuba harsashin gidaje a inda kunyoyin suke, irin doyar kuma ya ruɓe a rumbu. Maganar fili sai dai wata sabuwar ƙara, in da mai ƙarfin yin ta. Da suka fito, Naomi na riƙe da hannun mahaifinta, sai Maharazu ya durƙusa a kan siminti da kaftaninsa, gaban lauyoyi da 'yan sanda da masu sayar da ruwan leda.

"Baba, ni na cuce ka. Don Allah ka yafe mini."

Yamusa ya tsaya ya dube shi. Sannan ya fara magana, amma ba da Hausa ba. Da Gbagyi ya yi, kuma ya daɗe yana yi. Bai ɗaga murya ba. Ya dafa ƙirjinsa, ya nuna wajen hanyar filin jirgi, inda ƙauyensu yake, da haɓa, ya buɗe tafin hannunsa ya rufe. A wani wuri ya yi wata 'yar dariya da ba a gane ta daɗi ce ko ta takaici ba. Maharazu ya ji "Malam" sau biyu a ciki, sauran kuwa ko kalma ɗaya bai kama ba. Da dattijon ya gama, ya gyara hularsa ya fara tafiya.

Maharazu ya miƙe da sauri ya tari Naomi. "'Yata, don Allah, me ya ce?"

Ta gyara mayafinta. "Ai kai ne tafinta, Malam," in ji ta, ta bi bayan mahaifinta suka tsallaka titi.

Ya ƙarasa shekarunsa biyu a ɗakin fayiloli, ya koma Kankiya ba biki ba jawabi. Kafin ya bar Nyanya, akwai kalmomi uku na ƙarshen maganar dattijon da suka maƙale masa a kunne, har ya iya furta su daidai, don kunnen tafinta ba ya yar da sauti. Matan nan masu doya suna nan a bakin tasha, kowaccensu za ta iya gaya masa ma'anarsu a numfashi ɗaya. Sau da yawa ya je har gaban tirensu ya tsaya. Su ce, "Malam, guda nawa?" Sai ya sayi guda ɗaya ya wuce. Har ya ɗaure kayansa bai tambaya ba.